Kiɗa Babu Baki: Daga Ina Za Ka Fara Da Jaz, Kiɗan Na'ura Da Kiɗan Yanayi?

 Yau za mu ɗan ajiye zancen sabon fim da wanda ya saki waƙa a wannan makon, mu taɓa wata tambaya da nake yawan sha daga abokai: "Wai kai kiɗan da babu baki a ciki, me kake ji a cikinsa?"

Tambayar tana da hujja. Mu kunnenmu da kalma ya saba. Ko Shata ne, ko Ɗanƙwairo, ko Nura M. Inuwa, baitin muke riƙewa, kiɗan kuwa mun ɗauke shi ɗan rakiya. Amma in mun duba da kyau, kiɗa zalla ba baƙonmu ba ne. Mai algaita a ƙofar fada ba ya buɗe baki, amma kowa ya san sarki ya fito. Makiyayi yana busa sarewa a daji shi kaɗai, babu mai amshi. Mai kalangu yana buga taken mutum a tsakiyar taro, mutumin ya miƙe tsam, alhali ba a ambaci sunansa ba.

Ga mu masu son fim kuma, abin ya wuce nishaɗi. Ku gwada kashe sautin fitowar da ta taɓa sa ku hawaye, ku kalle ta a haka. Za ku tarar rabin kukan kiɗa ne ya jawo shi. Shi ya sa nake jin takaici in na ga fim ɗinmu mai labari mai kyau, 'yan wasa sun yi ƙoƙari, amma da an zo wurin baƙin ciki sai a ɗora mana wannan fiyanon guda da muka ji a finafinai hamsin, ko a yanko kiɗan wani fim ɗin Indiya a manna. Mai haɗa kiɗa abin da kunnensa ya sha shi yake fitarwa. In masu kallo ma kunnensu bai yi yawo ba, babu mai cewa a gyara.

To ga kundayen da nake ba mutane in sun ce suna son su gwada. Na raba su gida uku, kuma kowanne zan faɗi abin da za ku kasa kunne ku ji.

Jaz: hira ce ake yi da kayan kiɗa

Jaz ya taso ne a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, a hannun baƙaƙen fata jikokin bayi. Abin da ya bambanta shi da sauran kiɗa shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa za su fara da karin da suka yarda da shi, su buga shi tare, sai kowa ya karɓa bi da bi ya faɗi nasa a kan wannan karin, daga ƙarshe su dawo inda suka faro. Duk wanda ya san yadda Shata yake tsayawa gaban taro ya ƙaga baiti a take, 'yan amshi da makaɗa suna riƙe masa gindin waƙar, ya riga ya gane rabin jaz. Bambancin kawai, a nan ƙaho ne ko fiyano yake yin baitin.

Kundin farko da nake bayarwa shi ne *Eastern Sounds* na Yusef Lateef, wanda ya naɗa a 1961. Dalilina biyu ne. Na farko, yana da sanyi, ba ya firgita baƙo. Ku fara da "Love Theme from Spartacus", karin da ya ɗauko daga fim ɗin *Spartacus* na 1960, ya busa shi da obo, wani abin busa ɗan uwan algaita amma mai laushin murya. In kana son waƙoƙin soyayya masu ratsa zuciya irin na Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef, wannan zai kama ka. Na biyu, mutumin nan ya zauna a cikinmu. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma cikin abin da ya yi bincike a kai har da sarewar Fulani. Yana da kundi ma mai suna *In Nigeria*. Babban makaɗi daga Amurka ya taso ya zo koyon sarewar da mu muke wucewa ba mu ko waiwaya.

Na biyu shi ne *Kind of Blue* na Miles Davis, 1959. A zama biyu aka naɗe shi, ɗaya a watan Maris ɗaya a Afrilu, kuma Miles bai ba makaɗan cikakken rubutaccen kiɗa ba, ɗan zane kawai ya miƙa musu a situdiyo. Kafin lokacin, jaz ɗin da ake yayi gudu ne da shi, ana sauya amo kusan kowane taku. Shi kuwa ya ce a zauna a kan tsanin sauti guda na tsawon lokaci, kamar yadda mai goge yake zama a kan kari ɗaya yana juya shi. Wannan ya ba kowane makaɗi sarari. A "So What", ku saurari yadda bes yake tambaya, sauran kayan kiɗa suna ba shi amsa da sauti biyu. Daga nan ku kwatanta busar Miles, wanda ke magana kaɗan yana barin gurbi, da ta John Coltrane, wanda ke zubo sauti kamar an ɓalle famfo.

Masu son fim kada su tsallake abin da Miles ya yi a Faris a Disambar 1957. Darakta Louis Malle ya haska masa fitowa-fitowa na fim ɗinsa *Ascenseur pour l'échafaud* a situdiyo, shi da makaɗansa suna kallo suna bugawa, cikin dare guda suka gama. Akwai wurin da jarumar, Jeanne Moreau, take yawo a titi da dare tana neman masoyinta. Ba ta cewa komai kusan, ƙahon ne yake faɗin abin da ke ranta. Duk mai burin haɗa wa fim kiɗa ya nemi wannan fitowar ya kalla.

In kunnenka ya fara sabawa, sai ka matsa zuwa *A Love Supreme* na Coltrane, wanda aka naɗa a rana ɗaya a Disambar 1964 ya fito a 1965. Kashi huɗu ne, minti talatin da 'yan kai, kuma ya yi shi ne a matsayin godiya ga Ubangiji. An gina shi a kan sauti huɗu da bes ke maimaitawa. Wannan ba ya jure a saurare shi ana hira, yana da zafi, sai an zauna masa.

Daga nahiyarmu kuwa akwai Mulatu Astatke na Habasha. Ku nemi *Éthiopiques* na huɗu, wanda ya tattara ayyukansa na 1969 zuwa 1974. Yana amfani da tsanin sauti biyar, irin wanda kiɗan gargajiya da yawa a yankinmu ke tafiya a kai, shi ya sa ko a jin farko ba ya yi wa Bahaushe baƙunta. Duniya ta ƙara saninsa ne bayan da Jim Jarmusch ya cika fim ɗinsa *Broken Flowers* na 2005 da kiɗansa. Wanda kuma ganga ce abin sonsa, ya nemi *The Source* na Tony Allen, 2017. Shi ne makaɗin gangar Fela Kuti na shekaru masu yawa, ya rasu a Faris a 2020. Ku bi hannunsa da ƙafarsa kawai, za ku rantse mutum uku ne ke kiɗan. Kuma kada a ce jaz na tsofaffi ne: a 2023 matasan Landan, Ezra Collective, waɗanda 'yan uwa biyu masu tushen Najeriya, Femi da TJ Koleoso, ke cikinsu, suka ci kyautar Mercury da kundin *Where I'm Meant to Be*. Su ne 'yan jaz na farko da suka taɓa cin ta.

Kiɗan na'ura: wanda muka daɗe muna ji ba mu sa masa suna ba

Ga wata magana da mutane ke mamaki in na faɗa: waƙoƙin Kannywood kiɗan na'ura ne. Kalangun da kake ji a waƙar fim, da sarewar, da gangar, yawanci daga cikin fiyanon Yamaha ko kwamfuta suka fito, muryar ma an bi ta da na'urar gyaran murya. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara waƙoƙin finafinanmu a faifai guda mai suna *Harafin So*, ya sayar wa masu son kiɗan na'ura a ƙasashen waje. Abin da wasunmu ke rainawa da sunan nanaye, can sabon abu ne a kunnensu.

Haka kuma, Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu ake cika fili a Turai da Amurka don a ji jitarsa, kundinsa na farko *Anar* a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gangar na'ura da gyaran muryar situdiyonmu. Waƙoƙin sun yaɗu ne daga waya zuwa waya, ta bulutut da memori, har suka tsallaka hamada. Yana da fim ma, *Akounak Tedalat Taha Tazoughai* na 2015, wanda aka ɗauka a Agadas, aka gina shi a kan *Purple Rain* na Prince.

Amma kundin da na fi so kowa ya fara da shi a nan shi ne *La Musique Électronique du Niger* na Mamman Sani. Ya naɗe shi a 1978 a Yamai, da wata ogan ƙirar Italiya mai suna Orla, shi kaɗai, yana juya karin gargajiyar Nijar a kanta. A kaset ya fito, kwafi kaɗan. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin kiɗansa a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, amma a wajen ƙasar kusan babu wanda ya san shi, sai da Sahel Sounds suka sake fitar da shi a 2013. Ku saurari "Salamatu". Sauti ne mai sauƙi, ɗan bugun na'ura a ƙasa, kari yana yawo a sama kamar iskar hunturu. Shekara 35 wannan aikin ya yi a kwance. Ina yawan tunanin kaset nawa irinsa ke cikin kwali a gidajen rediyonmu da shagunan tsofaffin masu sayar da kaset, zafi da ƙura suna cinye su.

Tarihin wannan fanni ma ya taɓa Afirka tun daga tushe. A 1944 wani ɗalibi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya ari na'urar naɗar sauti ya je ya naɗi bikin zar, wanda ya yi kama da borinmu, ya dawo ya sarrafa muryoyin da amsa-kuwwa har suka zama wani abu daban. Ana lissafa shi cikin ayyukan farko-farko na irin wannan kiɗa a duniya, shekara huɗu kafin Pierre Schaeffer ya yi nasa a Faransa.

A Najeriya akwai William Onyeabor na Inugu, wanda ya kafa situdiyonsa da wurin buga faifansa, ya fitar da kundaye tsakanin 1977 da 1985, daga baya ya koma ga addini da kasuwanci ya daina zancen kiɗa gaba ɗaya. Kamfanin Luaka Bop ya tattara waƙoƙinsa a *Who Is William Onyeabor?* a 2013, shi kuma ya rasu a 2017. Wannan akwai baki a ciki, kuma na rawa ne. Ku fara da "Fantastic Man".

'Yan Indiya, ga naku. Charanjit Singh makaɗin situdiyo ne a Bombay, ya yi wa manya irin su R.D. Burman aiki. A 1982, shekarar da *Disco Dancer* ya fito, ya yi amfani da na'urorin Roland, ciki har da TB-303 da TR-808, ya ɗora karin gargajiyar Indiya guda goma a kan bugun disko, ya kira kundin *Synthesizing: Ten Ragas to a Disco Beat*. Bai yi kasuwa ba. Da aka sake fitar da shi a 2010, sai mutane suka riƙe baki, domin sautin ya yi kama da wanda matasan Chicago suka yi suna da shi da wannan TB-303 ɗin wajen 1987.

Daga Turai, biyu sun isa mafari. *Trans-Europe Express* na Kraftwerk, 'yan Jamus, 1977: sun kwaikwayi tafiyar jirgin ƙasa a kan dogo da na'ura zalla. Karinsa Afrika Bambaataa ya ɗauka ya yi "Planet Rock" a 1982, kuma matasan Detroit da suka ƙirƙiro tekno sun sha faɗin cewa Kraftwerk suka saurara. Sai *Oxygène* na Jean-Michel Jarre, 1976, wanda ya naɗa a gidansa a Faris. Kashi na huɗu za ku iya cewa kun taɓa jin sa a wani wuri. Kuma ga abin da zai burge ku: mahaifinsa, Maurice Jarre, shi ya yi kiɗan *The Message* da *Lion of the Desert*, wato fim ɗin Umar Mukhtar, finafinan Moustapha Akkad da kusan kowane gida a Arewa ya kalla. Uba da ƙungiyar makaɗa cike da zaure, ɗa kuma shi kaɗai a ɗaki da wayoyin lantarki.

Kiɗan yanayi: wanda ba ya neman ka tsaya masa

Turawa suna ce masa ambient, da wannan sunan za ku neme shi, ni kuwa kiɗan yanayi nake kiransa. Yawanci babu ganga, babu amshi, babu inda yake sauri ya kai. Aikinsa kamar na turaren wuta ne a ɗaki: ba ka zama kana kallonsa, amma ɗakin ya sauya.

Wanda ya raɗa masa suna shi ne Brian Eno na Ingila, da kundin *Ambient 1: Music for Airports* a 1978. Tunanin ya zo masa ne yana zaman jira a filin jirgin saman Cologne a Jamus, kiɗan da ake sakawa a wurin ya dame shi. Yadda ya haɗa wani sashe na kundin abin sha'awa ne. Ya naɗi sauti ɗaiɗai a kan zaren kaset, ya ɗaure kowanne ya zama zobe, amma tsawonsu ba ɗaya ba. Da aka sake su suna juyawa tare, sai wannan ya riski wancan yanzu, an jima su rabu, su sake haɗuwa ta wata fuskar. Shi ya sa kake jin kamar abu ɗaya ake maimaitawa, amma ba ka iya cewa ga abin da zai biyo baya. Wanda ya taɓa kunna tsohuwar kwamfuta mai Windows 95 ma ya ji aikin Eno, shi ya yi ɗan sautin nan na buɗewa.

Wanda na fi bai wa ɗalibai masu karatun dare shi ne Hiroshi Yoshimura na Japan. *Music for Nine Post Cards*, 1982, ya yi shi ne don a riƙa sakawa a wani gidan adana zane-zane a Tokyo. Sai *Green* na 1986. Ya rasu a 2003 ba tare da an san shi sosai a wajen ƙasarsa ba, daga baya YouTube ya riƙa jefa wa mutane kiɗansa har aka sake buga kundayen. Sauti ne tsaf, kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke ruwan sama.

Masu son fim su nemi *async* na Ryuichi Sakamoto, 2017. Yana cikin waɗanda suka ci Oscar da kiɗan *The Last Emperor*, kuma yana cikin waɗanda suka yi na *The Revenant*. Ya yi *async* ne bayan jinyar ciwon dajin maƙogwaro, ya ce ya ɗauke shi a matsayin kiɗan wani fim na Andrei Tarkovsky da babu shi a zahiri. Akwai takun ƙafa a kan busasshen ganye a ciki, akwai fiyanon da amonsa ya karkace. Mutum ne da ya san kwanansa na iya ƙarewa, kuma ana jin haka. Ya rasu a 2023. Ku haɗa da kiɗan *Blade Runner* na Vangelis, fim ɗin 1982, ku ji yadda na'ura ke gina gari guda a kunne tun kafin kyamara ta gama nuna shi.

Afirka ma tana ciki. KMRU, matashi daga Nairobi, jikan shahararren mawaƙin Kenya Joseph Kamaru, yana yawo da na'urar naɗar sauti yana ɗaukar ƙarar gari da ta daji, ya narkar da su cikin kiɗa. Kundinsa *Peel* ya fito a 2020. Duk lokacin da na saurare shi sai in ce, ina ma wani namu zai yi haka da Kasuwar Kurmi da sassafe, ko bugun 'yan bugu a Ƙofar Mata, ko ƙarar tasha da magariba. Kayan aikin waya ce da haƙuri.

Inda ukun suka haɗu

Rabe-raben nan don sauƙin bayani ne, makaɗan kansu ba su cika damuwa da su ba. A Fabrairun 1969 Miles Davis ya tara makaɗa, ciki har da masu fiyano uku, Herbie Hancock da Chick Corea da Joe Zawinul, suka yi ta bugawa. Daga baya furodusa Teo Macero ya zauna ya yanka zaren naɗin ya sake jera shi, kamar yadda mai tace fim ke yi, aka samu *In a Silent Way*. Jaz ne, da kayan lantarki aka yi shi, kuma yana tafiya a hankali kamar kiɗan yanayi, shekara tara kafin Eno ya sa sunan.

A 2018 Tony Allen ya haɗu da Jeff Mills, ɗaya daga cikin manyan tekno na Detroit, suka yi *Tomorrow Comes the Harvest*, hannun mutum da gangar na'ura suna gwada juna. Sai *Promises* na 2021: Floating Points, matashin mai kiɗan na'ura daga Ingila, da dattijo Pharoah Sanders, wanda ya yi busa tare da Coltrane, da ƙungiyar makaɗa ta London Symphony Orchestra. Minti 46 ne, kashi tara, kuma ɗan kari guda mai sauti bakwai ke ta dawowa tun daga farko har kusan ƙarshe, saksofon ɗin dattijon yana zagaya shi. Sanders ya rasu a 2022, wannan ne kundinsa na ƙarshe da ya fito yana raye. In aka ce in zaɓi ɗaya tak a duk jerin nan, shi zan ɗauka. Amma ba da shi nake so ku fara ba, ku bar shi sai kunne ya nuna.

Yadda ake saurare, da yadda ake ba wani

Abu na farko, lasifikar waya ba za ta yi ba. Tana yanke ƙasan sauti, kuma a jaz bes ne ginshiƙi, a kiɗan yanayi kuwa rabin abin a can ƙasa yake. Ko iyafis mai araha ya fi. Na biyu, ku sauke kundin gaba ɗaya lokacin da data ke da sauƙi, sauti zalla ba ya cin abin da bidiyo ke ci, sannan ku saurare shi a jere yadda mai shi ya tsara. TikTok ya koya mana yanke hukunci cikin daƙiƙa goma sha biyar, waɗannan kuwa wasunsu a minti na biyar suke fara buɗe ƙofa. Na uku, ku ba kowane kundi ji uku kafin ku ce ba ku so. A ji na farko ku bar shi ya wuce kawai. A na biyu ku zaɓi abin kiɗa ɗaya, misali bes ko ganga, ku bi shi daga farko har ƙarshe. A na uku ne yawanci ake gane ko naka ne ko ba naka ba. In ba naka ba ne, babu laifi, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Lokaci ma yana da tasiri. Yoshimura na karatu ne ko bayan sallar asuba kafin gari ya waye sosai. Kraftwerk da Mamman Sani na doguwar hanya ne, irin Kano zuwa Kaduna ko Maraɗi zuwa Zinder. Coltrane na dare ne, kai kaɗai. Onyeabor da Ezra Collective kuwa a saka su ana wanki ko ana shara, aikin zai yi sauri.

Wajen ba wani kuma, ga abin da na ga yana aiki. Ka fara tambayarsa abin da yake so. Mai son waƙoƙin Indiya ka ba shi Charanjit Singh. Mai son kalangu da kiɗan ƙwarya ka ba shi Tony Allen. Mai son amapiano ka bi da shi ta Onyeabor zuwa Kraftwerk. Wadda ke son waƙar soyayya mai sanyi ki ba ta Yusef Lateef. Kundi ɗaya za ka bayar, kada ka jibge wa mutum ashirin, ka kuma faɗa masa waƙar da zai fara da ita da lokacin da ya dace. Sannan ka nemi shi ma ya ba ka nasa, ka saurara da gaske. Babu abin da ke kashe wannan harka kamar mutumin da ya ji jaz na wata biyu ya dawo yana yi wa masu jin nanaye kallon ƙauyawa. Wanda ya san Mdou Moctar a Sakkwato ya yi kundinsa na farko ba zai yi wannan rainin ba.

Ga 'yan uwa masu situdiyo da masu burin yi wa finafinanmu kiɗa, roƙona ɗaya ne. Mamman Sani da ogan guda ya yi abin da ake saurare bayan shekara arba'in da ɗoriya. Kwamfutar da ke gabanku ta fi duk abin da Eno ya mallaka a 1978 ƙarfi nesa ba kusa ba. Ku ɗauki fitowa ɗaya daga fim ɗin da kuke aiki a kai, ku cire fiyanon kukan nan, ku gwada sarewa ɗaya, ko gurmi, ko ma shiru da ƙarar iska, ku ga abin da zai faru.

Sauranmu kuma aikin wannan makon mai sauƙi ne: kowa ya zaɓi kundi ɗaya a nan, ya ba shi ji uku, sannan ya tura wa aboki ɗaya tare da dalilinsa. Sai mun sake haɗuwa, a sha sauraro lafiya.